Kanta Marar Ƙafa: Ina Ƙarfinta Yake?

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, yanzu ana yayin wata kanta da akan kafa a jikin bango, ba ƙafa, ba madogari a fili. Kafinta zai ce muku za ta ɗauki kome. To, kada ku karɓi zancensa sai kun ga abin da ya binne cikin bangon, domin can ƙarfinta yake.

Ku sani, duk abin da aka aza a bakin kanta ɓamɓarar gindinta yake yi, kamar yadda akan cire ƙusa da guduma. Gwargwadon faɗinta, gwargwadon wahalar bango. Littafi kuwa ba abin rainawa ba ne: jerin mujalladai mai tsawon mita ɗaya yakan kusa kilo 30. Siririyar ƙusa ba ta wannan aiki.

A nemi rodi mai kaurin milimita 16. Ya nutse cikin bango kamar inci 5, ya kuma shiga cikin katakon har kashi biyu cikin uku na faɗinsa, tsakanin rodi da rodi kada ya wuce inci 18. Katakon ya kai inci 2 kauri. A ɗan ɗaga bakin rodin sama kaɗan, gama nauyi zai sauko da shi. Amma fa bulon siminti cikinsa kogo ne, nan akasarin masu yi suke ruɗuwa. Sai a fasa kogon, a cika da kankare, a dasa rodin ciki, a ƙyale shi kwana 7.

Bangon ƙasa kuwa ba ya riƙe ƙarfe, niƙe shi zai yi ya zame. Wannan sai azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a sa ta tun ana gini ta ratsa kaurin bangon, ginin da ke bisa ya danne ta. Maginanmu sun daɗe da sanin wannan. Bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, azara ce ɓoye cikin ƙasa, ba mai ganinta.

In an gama, a aza buhun siminti, kilo 50 ke nan, ya kwana biyu. In bakin kantar ya sunkuya, ko bango ya tsage, a sake aiki. Kafin nan kada a ɗora Alƙur'ani, kada kuma almajiri ya zauna ƙarƙashinta.