RAN 27 GA AGUSTA: RANAR DA YARAN KAZAURE DA BABURA YA KAMATA SU SANI

Wannan bayani mun yi shi ne domin yaran makaranta na ƙasar Kazaure, Roni da Gwiwa, da 'yan'uwansu na Babura, amma muna roƙon malamai da iyaye su karanta musu, don ranar da za mu yi magana a kanta a cikin dogon hutu take faɗowa. Sa'ad da ta zo makarantu suna rufe, gero ya yi kai, yara suna gona. Shi ya sa takan wuce ba wanda ya tuna da ita, ga shi kuwa ita ce ranar da aka haifi Jihar Jigawa.

Ran 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya sanar da ƙirƙiro sababbin jihohi tara, jihohin Nijeriya suka zama 30. A cikinsu har da Jigawa, wadda aka yanka daga Jihar Kano, aka sa hedkwatarta a Dutse, aka turo Kanar Olayinka Sule ya fara riƙonta. Kafin wannan rana kakanninku mutanen Lardin Kano ne, daga 1967 kuma mutanen Jihar Kano. Masarautar Kazaure kuwa ta girme duk waɗannan, gama tun wajen 1819 Ɗan Tunku ya kafa ta, ɗansa Dambo ya zauna a garin Kazaure. Babura ba ta cikinta, tana ƙarƙashin Ringim.

Ku ɗauko taswira ku duba. Za ku ga Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi sun lanƙwasa can arewa maso yamma, Katsina ta gefe guda, Kano ta ɗaya gefen, ƙasar Babura ce ta haɗa su da sauran jihar. Saboda haka mutumin Roni da ke da bukata a Dutse yakan bi ta cikin Kano, tsohuwar hedkwatarsa, ya wuce. Wannan wahala ce, ba mu ɓoye ba. Amma kuma wannan lungu ya ba jihar gwamna har sau biyu: Alhaji Ibrahim Saminu Turaki na Kazaure daga 1999 zuwa 2007, da Alhaji Muhammad Badaru Abubakar na Babura daga 2015 zuwa 2023.

Janar Babangida ya yi sanarwar ne ranar da ya cika shekara shida bisa mulki, don ran 27 ga Agusta, 1985, sojoji suka tuɓe Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura maƙwabciyarku, shi ya hau.

To, yanzu bari mu fita waje, mu ga abin da wannan rana ta yi wa wasu ƙasashe.

A 1883, cikin tsibiran da yau ake kira Indonesiya, wani dutse mai aman wuta da ake ce wa Karakatawa ya fashe. An ji ƙararsa a wani tsibiri mai nisan kilomita kamar 4,800 daga wurin. Don ku gane nisan, ya fi daga Kazaure zuwa Makka. Teku ta tashi ta hau kan garuruwan gaɓa, mutum fiye da 36,000 suka hallaka. A 1859 kuma, a Amurka, wani mutum Edwin Drake ya haƙa rijiya mai zurfin ƙafa 69 ya sami man fetur. Akwai rijiyoyin ruwan sha a ƙasar Hausa da suka fi ta zurfi, amma daga ita cinikin mai na zamani ya tashi. Mu sai 1956 aka sami namu a Oloibiri.

Wanda muka fi so ku riƙe shi ne na Zanzibar, tsibirin da ke gabashin Afirka, a 1896. Sarkin ƙasar ya rasu, wani ɗan sarauta Khalid ɗan Barghash ya shige fada ya hau gado ba da yardar Turawan Ingila ba. Suka ba shi wa'adi zuwa ƙarfe tara na safe ya sauka, ya ƙi. Ƙarfe tara na wucewa jiragen ruwan yaƙi suka buɗe wa fadar wuta. Ba a cika minti 45 ba aka gama. Mutanen sarki wajen 500 aka kashe ko aka raunata, na Turawa mutum ɗaya ya ji ciwo. Littattafai sukan kira shi yaƙi mafi gajarta a tarihi, har wasu su mai da shi abin dariya. Mu ba mu ga abin dariya ba. Shekara bakwai bayan wannan, a 1903, irin waɗannan manyan bindigogi ne aka kafa wa ganuwar Kano.

Cikin waɗanda aka haifa a wannan rana mun zaɓi mutum ɗaya, Lyndon Johnson, wanda aka haifa a 1908 a karkarar Texas ta Amurka. Kwalejin horon malamai ya yi, kuɗi suka yanke masa, ya tafi wani ɗan gari, Cotulla, ya koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko. A 1963, da aka kashe Shugaba Kennedy, shi ya zama Shugaban Amurka. A 1965 ya sa hannu kan dokar da ta ba makarantun 'ya'yan talakawa kuɗin gwamnatin tarayya, ya kuwa sa hannun ne a tsohuwar makarantarsu ta ƙauye, malamarsa ta farko tana zaune kusa da shi. Yaƙin Biyetnam ya ɓata masa suna ƙwarai, wannan ma gaskiya ne, a faɗa wa yara duka biyun. Ɗalibanmu masu ganin aikin malanta ƙarshen hanya ne su tuna Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa ma daga aji suka fito.

Mun san ranar haihuwar Johnson ne don an rubuta. Dattawanmu da wani abu da ya faru suke lissafi: shekarar da Sarauniya ta zo, watau 1956, ko shekarar da aka daina sule da fam aka koma naira, watau 1973. Wannan lissafi yana da kyau, amma ba ya shiga takardar jarrabawa. Duk wanda ya taɓa duba rajistar aji ya ga yara da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu, don ba wanda ya riƙe ranar gaskiya. In yaro ya girma, takarda ɗaya ta ce kaza, wata ta ce kaza, sai rantsuwa a kotu, wani har ya rasa gurbin karatu ko aiki. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana rajistar haihuwa, kuma ya fi sauƙi a yi tun jariri yana goye.

Ga aikin hutu. Kowane yaro ya sami wani babba a gidansu ya tambaye shi inda yake ran da aka ce an yi Jigawa, a rediyon wa ya ji, da abin da mutanen gari suka ce, masu murna da masu baƙin cikin rabuwa da Kano. Sa'an nan ya tambayi mahaifiyarsa ranar da aka haife shi, da watan Musulunci da na Turawa. Ya rubuta duka a shafi ɗaya, ya kawo wa malaminsa ranar da aka koma makaranta.