Kumburin Maraina da Yadda Ake Neman Maganinsa a Birnin Zariya

Kumburin maraina na cikin cututtukan da Bahaushe ba ya ambata a bainar jama'a. A Limancin Kona, unguwar malamai da karatun zaure a cikin ganuwar Zariya, magidancin da abin ya sama sai ya ce "mara ce ke damuna", ko "sanyi ne". Tafiyarsa ce ke tona shi: yana buɗa ƙafa, yana zama a gefe guda kan tabarma, yana tattare babbar riga kada ta taɓa wurin.

Mutane kan kira kumburin da ya daɗe ba ya zafi gwaiwa ko ƙaba. Wanda ya zo da zazzaɓi da zafin fitsari kuwa, sanyi ake ɗora wa, a ce a ban-ɗaki aka kwaso shi. Amini ake fara gaya wa, shi kuma ya raka mutum wurin wanzami ko mai magani, a ba shi jiƙon sassaƙe da jar kanwa, wani lokaci da garin shafawa. Malam kan yi tofi ko ya ba da rubutu. Yanzu kemis ya shigo tsakani, inda ake sayen ƙwayoyi na kwana biyu, zafi na lafawa a daina sha, cutar kuma ta kwanta ta sake tashi.

A wurin likitoci, idan kumburin mai zafi ne da zazzaɓi, yawanci ƙwayar cuta ce ke bin hanyar fitsari ta kai ga murɗaɗɗen bututun da ke manne a bayan ɗan maraina, inda maniyyi ke taruwa. Ga samari galibi ta hanyar jima'i ake kamuwa; ga dattawa, toshewar fitsari ce sila. Hangum ma kan sauka can idan ya kama wanda ya balaga, haka tarin fuka. A asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, likita kan duba da hannu, a gwada fitsari, a ɗauki hoto idan da bukata. Idan ƙwayar cutar da ta bi hanyar fitsari ce, magani allura ce da ƙwayoyi na kwana 10 zuwa 14, da hutu, da tallafe wurin. Idan ta jima'i aka samu, dole a yi wa iyali magani tare, kuma nan ne kunya ta fi yin ɓarna.

Akwai wanda ba ya jiran jiƙo ko kaɗan: zafi mai tsanani da ya faɗo wa yaro ko saurayi farat ɗaya, sau da yawa cikin dare, har da amai. Wannan murɗewar ɗan maraina ce, jini ya daina isa gare shi. Idan ba a yi tiyata cikin kamar awa 6 ba, ana iya rasa shi.