MAGANIN FIRGICIN YAƘI DA ZANE: ME SHARI'A TA CE?

 Ya kai mai karatu, a wannan mako za mu yi magana a kan wata hanya ta jinya da ma'aikatan agaji su ka shigo da ita cikin ƙasar Barno da kewayen Tafkin Cadi, watau ba wa yaro ko babba takarda da fensir mai launi don ya zana abin da ke damun zuciyarsa. Magana ce da ta shafi malamai ƙwarai, domin uba in ya ga ɗansa ya komo gida da takarda cike da surar mutane da bindigogi, wurin liman ko malamin allo ya kan fara zuwa ya tambaya ko wannan ya halatta. Amsar da malam zai bayar tana iya buɗe wa yaron ƙofar sauƙi, tana kuma iya rufe ta.

CIWON DA BA YA JINI

Tun daga 2009 da fitinar Boko Haram ta tashi, an raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu a arewa maso gabashin Nijeriya, waɗansu kuma su ka ƙetare zuwa Diffa ta Nijar, da Minawao ta Kamaru, da Baga Sola ta Cadi. Wanda harsashi ya same shi kowa na ganin rauninsa, a kai shi asibiti. Amma akwai wanda ya tsira ba ko ƙwarzane, sa'an nan bayan wata da watanni barci ya gagare shi, ƙarar babur ta sa ya zabura, mafarki guda ya riƙa komo masa kowane dare. Yaron da ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi, mai surutu ya yi shiru, mai haƙuri ya zama mafaɗaci. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun shigar da wannan ciwo cikin kundinsu da suna nasa na kansa a 1980, bayan abin da su ka gani ga sojojin da su ka komo daga Biyetnam. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane mutum 5 da ke zaune inda a ka yi yaƙi, akwai 1 mai fama da wani nau'i na ciwon zuciya irin wannan, ko baƙin ciki mai tsanani, ko fargaba, ko firgici.

A wurinmu mutane da yawa su kan ce aljanu ne, ko sammu, ko kuwa raunin imani. Wannan na ƙarshe shi ya fi muni, domin yana ƙara wa mai ciwo nauyin zargin kansa. Annabi Yakubu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kamar yadda ya zo cikin Suratu Yusuf, ba kuwa wanda zai ce imaninsa ya yi rauni. Malaman tarihi kuma sun sa wa shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalibi su ka rasu suna Shekarar Baƙin Ciki. Har wa yau Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha ta kan sa a dama talbina, wani kunu na sha'ir, a ba waɗanda a ka yi wa rasuwa don ya sanyaya musu zuciya. Ashe ke nan neman sauƙin baƙin ciki da sababi na duniya, tare da addu'a, abu ne da ya ke da asali.

Magabatanmu ba su yi sakaci da wannan fanni ba. Abu Zaidu Albalhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, ya ware rabinsa ga lafiyar rai, ya yi bayanin tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, da yadda a ke magance kowane ɗayansu. Asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu ciwon hankali, shi kuwa asibitin Sarki Bayazidu na Biyu a Edirne ta ƙasar Turkiyya, wanda a ka gama a 1488, ya shahara da jinya da ƙarar ruwa mai gudana da ƙamshi da sauti mai daɗi.

ASALIN JINYA DA ZANE

Wanda ya sa wa wannan hanya suna wani Bature ne ɗan Ingila, Adrian Hill, mai zane, wanda ya zana filayen daga a Yaƙin Duniya na Farko. Tarin fuka ya kwantar da shi a 1938, ya ga zane yana rage masa ƙunci, sai ya shiga koya wa 'yan'uwansa majinyata, har da sojojin da a ka komo da su da rauni. Ya raɗa sunan a 1942, ya fitar da littafi a kai a 1945. Daga baya abin ya zama sana'a mai horo da ƙa'ida, a ka kafa ƙungiyar masu ita a Ingila a 1964, a Amurka kuma a 1969.

A cikin Yaƙin Duniya na Biyu ne kuma wata malamar zane, Friedl Dicker-Brandeis, wadda 'yan Nazi su ka tsare a sansanin Terezin tare da sauran Yahudawa, ta riƙa tara yara tana koya musu zane a kan kowace irin guntuwar takarda. Kafin a tafi da ita inda a ka kashe ta a 1944 ta ɓoye zane fiye da 4,000 cikin akwatuna biyu. Yawancin yaran ba su tsira ba, amma zanensu yana nan ajiye a birnin Prag.

Kusa da mu kuwa, a 2005 ma'aikatan wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam sun ba yaran Darfur da ke sansanonin gabashin Cadi takarda da fensir don su sami abin yi yayin da a ke hira da iyayensu. Ba wanda ya ce musu ga abin da za su zana, sai ga mahaya dawaki da raƙuma, da jiragen sama, da bukkoki suna cin wuta. A 2007 an miƙa irin wannan zane kimanin 500 ga Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuffuka da ke Hague. Haka kuma a 2015, bayan harin Baga, Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa yara kimanin 800,000 sun tsere daga gidajensu, ya haɗa da zanen da waɗansunsu su ka yi a gudun hijira.

YADDA ABIN KE AIKI

Masana sun ce abin firgici ba ya zauna wa mutum a zuciya kamar sauran labarai masu farko da ƙarshe. Gutsattsari ya kan zauna, sura a nan, ƙara a can, warin hayaƙi a can, kuma kowane ɗayansu yana iya faɗo wa mutum ba sallama, ya ji kamar yanzu abin ke faruwa. In an ce ya faɗa da baki sai harshe ya yi nauyi, balle yaro ɗan shekara 7 wanda bai ma san kalmomin ba. Hannu kuwa yana iya fitar da sura ba sai da kalma ba. Sa'ad da abin ya sauka a kan takarda ya zama yana waje, mai shi yana dubansa daga nesa, yana iya naɗe shi ya ajiye, yana iya ƙara masa abin da ya ga dama. Daga nan mai jinya zai tambaye shi a hankali, mene ne ya faru kafin wannan, mene ne bayansa, har gutsattsarin su haɗu su zama labari wanda ya wuce.

Akwai kuma amfanin aikin hannu shi kansa. Maimaita ɗinki ko saƙa ko shafa launi yana kwantar da numfashi, ya tattara hankali wuri guda. Zama cikin 'yan'uwa kuma yana nuna wa mutum ba shi kaɗai ba ne, domin kaɗaici shi ne abincin wannan ciwo.

Amma lalle a san iyakarta. Binciken da a ka yi a kan jinya da zane bai kai yawan wanda a ka yi a kan jinya ta hanyar zantawa da ƙwararre ba, saboda haka mataimakiya ce, ba ta ɗauke wa likita aikinsa. Wanda ya daina ci, ko ya ke maganar kashe kansa, ko ya ke jin muryoyi, asibiti za a kai shi ba da jinkiri ba, akwai kuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Maiduguri. Ba a tilasta wa yaro ya zana abin da ya gani, domin fama gyambo ba magani ƙara ciwo ne. Ba a kuma fassara masa zanensa kamar mai fassarar mafarki, shi ne zai faɗi abin da ya ke nufi.

HUKUNCIN SURA

To, yanzu mu komo ga tambayar uban nan. Gaskiya ne hadisai ingantattu sun zo da tsoratarwa mai tsanani a kan masu yin sura, ba kuwa mai musun wannan. Sai dai malamai sun yi bayani dalla-dalla. Na farko, babu saɓani a kan halaccin zana abin da ba shi da rai, kamar itace da gida da kogi, domin Ibnu Abbas ya nuna wa wani mai wannan sana'a ya koma ga irin waɗannan. Na biyu, malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu mu ke bi a wannan ƙasa, sun taƙaita haramci a kan surar mai rai wadda ke da jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, watau gunki. Wadda a ka zana a takarda ko bango ba su kai ta ga haram ba, iyakarta karhanci ko barin abin da ya fi. Waɗansu malamai, kamar Imamu Nawawi na Shafi'iyya, sun tsananta har a kan wadda ba ta da inuwa, muna kuwa girmama maganarsu.

Na uku, an yi rangwame a kan kayan wasan yara. Buhari da Muslimu sun ruwaito Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, Abu Dawuda kuma ya kawo labarin dokinta mai fukafukai wanda ya sa Manzon Allah dariya. Matan sahabbai ma su kan yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar Ashura don su shagala har a sha ruwa. In an yi rangwame don wasa da tarbiyya, to don magani ya fi cancanta. Yaro kuwa ba a hau kansa da hukunci ba tukuna, kuma abin da ya zana ba don a girmama shi ba ne, don ya rabu da shi ne. Abin da mu ka fahimta ke nan, cewa babu laifi a bar shi ya zana, babban kuma da zuciyarsa ba ta natsu da surar mai rai ba yana da fili mai faɗi a wajenta.

Wannan fili kuwa namu ne tun kaka da kakanni. Barno ta shahara da kyawun rubutun Alƙur'ani da zayyanar allo wadda a ke yi wa mai sauka. Ga ɗinkin hula wanda mutanen Bama su ka yi suna da shi, da yawansu ma da shi su ka riƙe kansu a zaman gudun hijira a Maiduguri. Ga saƙar faifai da tabarma, da zanen ƙwarya, da ginin tukunya, da lalle. Mai jinya mai hankali zai fara da abin da hannun mutum ya saba da shi, domin tsohuwar da za ta ji kunyar riƙe fensir ba za ta ji kunyar riƙe allura ba.

ABIN DA YA HAU KANMU

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga jama'a fiye da miliyan 200. Ko da ya ke an sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958, doka ba ta haifar da likita dare ɗaya. Gwamnatin Barno kuma ta fara rufe sansanonin Maiduguri tun 2021, jama'a su ka watsu cikin garuruwa da unguwanni, inda ma'aikacin agaji ba ya kaiwa kullum, amma liman da malamin makaranta suna nan safe da yamma.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu malamai da abu huɗu. Kada mu yaga zanen yaro ko mu tsawata masa, mu zauna mu tambaye shi da taushin murya. Makarantun Islamiyya da ke da marayun wannan fitina su ware sa'a guda a mako don zayyana da aikin hannu, su nemi wanda ya sami horo ya nuna wa malamansu yadda a ke yi. Zanen majinyaci amana ce kamar sirrinsa, kada a kafa shi a bango ko a ɗauki hotonsa don neman taimako sai da yardarsa da ta waliyyinsa. Sa'an nan in mun yi ruƙya da addu'a, mu haɗa da tura mai ciwo wurin likita, domin wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani, shi ya kuma sanar da likita abin da ya sani.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya jiƙan waɗanda su ka rasu, ya sanyaya zukatan waɗanda su ka saura, ya raya marayunmu bisa alheri, amin. Wassalamu.