Renon Barkono a Tsakar Gida: Daga Ƙwayar Iri Zuwa Tukunyar Miya

Da wuya a ɗora tukunyar miya a Ƙofar Kwaya, ko a wata unguwa ta birnin Katsina, ba a jefa attarugu ko barkono a ciki ba. Mai ƙosai na bukatar yaji, mai tsire ma haka, fura kanta da ɗan barkono ake daka ta. Amma kowace shekara, idan kayan lambu suka ƙare na damina kuma ba su iso ba, sai kayan miya su yi tashin gwauron zabo. Magidanta ba su manta da tsakiyar shekarar 2024 ba, lokacin da attarugu da tumatir suka nemi gagarar talaka. Alhali kuwa tushe biyar ko shida a tsakar gida na iya rage wa uwargida wannan fargaba. Da yawa sun gwada, iri ya ƙi tsirowa ko fure ya kakkaɓe, suka ce hannunsu ne ba ya karɓar shuka. Ba laifin hannu ba ne. Mafi yawan lokuta rashin sanin irin zafin da shukar ke so ne.

Barkono baƙo ne a ƙasar Hausa, duk da ya zama ɗan gida. Asalinsa nahiyar Amurka, inda mutanen Meziko da na Kudancin Amurka suka yi dubban shekaru suna noma shi kafin Kolombus ya isa can a 1492. Daga baya Turawan Fotugal suka yaɗa shi zuwa gaɓar Afirka da Asiya. Kafin zuwansa da masoro da kimba da citta ake samun yaji. Abin da ake gani a kasuwa yau dangi uku ne. Tattasai da dogon barkono jinsinsu ɗaya, masana na kiransa Capsicum annuum. Tsiduhu, ɗan ƙarami mai faɗa, shi ne Capsicum frutescens. Attarugu kuwa Capsicum chinense ne, sunan da masanin tsirrai Nikolaus von Jacquin ya laƙaba masa a 1776 bisa zaton daga ƙasar Sin ya fito. Kuskure ne, amma sunan ya riga ya bi shi.

Yajin barkono wani sinadari ne da ake kira kafsaisin. Ba a cikin iri ake yin sa ba, kamar yadda aka saba ɗauka, a jikin farin tantanin nan ne da iri ke manne da shi. A 1912 wani mai haɗa magunguna Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro ma'aunin yaji. A wannan ma'auni dogon barkono na samun maki 30,000 zuwa 50,000, dangin attarugu kuwa 100,000 zuwa 350,000. A 1997 David Julius da abokan aikinsa suka gano cewa kafsaisin na taɓa wata kafa ce a jijiyoyin jiki, wadda aikinta shi ne sanar da ƙwaƙwalwa cewa zafi ya kai kimanin digiri 43 a ma'aunin Selshiyos. Wato harshe bai ƙone ba, ruɗin jijiya aka yi. Wannan bincike na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 2021. Ita wannan kafa a jikin tsuntsaye ba ta jin kafsaisin, shi ya sa suke haɗiye barkono su kai irinsa nesa. Mai shuka a gida ya riƙe wannan da kyau: yaji ba zai kare masa shuka daga kajin gida ba, sai shinge.

Aikin yana farawa ne daga zaɓen iri. A nemi ɗan da ya nuna sarai a kan uwarsa, mai lafiya, ba tabo. A tsaga shi, a fitar da irin, a baza a kan takarda cikin inuwa har ya bushe, a kuma guji taɓa ido. Ɗanyen barkono irinsa bai ƙosa ba. Busasshen barkonon kasuwa kuma ba a san shekarunsa ba, ba a san irin ranar da ya sha wajen shanya ba. Gwaji mai sauƙi na raba gardama: a naɗe ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye wuri mai ɗumi, a riƙa dubawa. Idan bakwai ko takwas suka fasa, irin na da kyau. Malamin kimiyya zai iya mai da wannan aikin aji, ɗalibai su ajiye wani tsumman kusa da randa, wani a kusa da murhu, su rubuta ranar da kowane ya tsiro.

A nan ne maganar zafi ta shigo. Irin barkono ya fi son digiri 25 zuwa 30. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 15, kamar yadda yakan yi a wasu dararen hunturu a Disamba da Janairu, sai iri ya kwanta cikin ƙasa, wani har ya ruɓe. Idan kuma zafi ya haura digiri 35 tsiro ya ragu, babbar shuka kuma ta riƙa zubar da fure ba tare da ta ɗaura 'ya'ya ba. A Katsina kuwa zafin Afrilu da Mayu kan kusanci digiri 40. Saboda haka ƙofa biyu ce a buɗe. Ta farko, a zuba iri a ƙarshen Agusta ko cikin Satumba, a yi dashe a Oktoba, shuka ta yi ƙarfi kafin hunturu, ta ba da 'ya'ya kafin bazara. Ta biyu, a yi reno cikin Mayu a ƙarƙashin inuwa, a dasa idan ruwa ya zauna. Ta biyun ta fi wahala, amma 'ya'yanta na farko kan riski ƙarshen lokacin tsada. Masu lambu na wajen Ƙofar Marusa da na bakin madatsar Ajiwa sun san wannan lissafi ba tare da ma'aunin zafi ba.

Ƙasar Katsina jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, don haka a gauraya ta da takin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Kada zurfin iri ya wuce santimita ɗaya. Barkono da tattasai kan fito cikin mako ɗaya zuwa biyu, attarugu kuwa yana iya kai mako uku ko huɗu, kuma sau da yawa a nan ake fid da rai a zubar da ƙasar, alhali saura kwana biyu ya leƙo. Babban abokin gabar ɗan tsiro shi ne yawan ban ruwa. Ƙasa mai caɓi na rayar da wata fumfuna da ke cin gindin tsiro, a wayi gari a tarar ya faɗi kamar an yanke shi da reza. Danshi ake so, ba tafki ba.

Bayan mako biyar zuwa bakwai, idan tsiro ya yi ganye huɗu zuwa shida, sai a dasa shi da yamma, tushe ɗaya a kowane mazubi. Tsohon bokiti ko buhun shinkafa duk suna yi, muddin an huda gindinsu. Sai dai tsohuwar tukunyar ƙasa ta fi su, domin tana tsattsafo da ruwa ta sanyaya saiwa, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Baƙar roba kuwa dafa saiwa take yi a rana. A unguwar da ake sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa, ruwan alwala da na wanke shinkafa sun wadatar, ban da mai sabulu. A ajiye shuka inda za ta sami hantsi, katanga ta kare ta daga ranar la'asar.

A riƙa ɗaga ganye ana duba ƙarƙashinsa. Darɓa da farin ƙuda na tsotse ruwan shuka, kuma su ne ke ɗauko cututtukan bairos masu sa ganye ya yamutse ya yi dabbare-dabbare. Ruwan dakakkun 'ya'yan darbejiya, wadda Katsinawa ke kira bedi, yana rage su idan ana fesawa da yamma. Amma tushen da bairos ya kama ba shi da magani, a tumɓuke shi kafin ya shafi saura.

Hausawa na cewa abin da ka shuka shi za ka girba, sai dai mai tara barkono iri-iri wuri ɗaya yakan ga saɓanin haka. Furen barkono na iya yi wa kansa barbara, amma zuma da sauran ƙwari kan kwashi garin fure daga wannan tushe zuwa wancan. Da yake tattasai da dogon barkono jinsi ɗaya ne, auratayya tsakaninsu ba ta da wuya. 'Ya'yan bana ba za su sauya ba, tattasai zai fito tattasai. Irin da ke cikinsa ne ya zama ruwa biyu, kuma da yake halin yaji mai rinjaye ne a gado, kamar yadda ɗalibai suka karanta a darasin Mendel, sai baɗi a shuka irin tattasai a girbi abin da ke sa yara hawaye. Haka nan irin kamfani da aka haɗa daga iyaye biyu, idan aka ɗebi iri daga 'ya'yansa, jikokin kan fito kowa da kamarsa. Mai son irinsa ya tsaya yadda yake sai ya zaɓi reshe tun fure bai buɗe ba, ya ɗaure shi cikin ƙyallen tsohon gidan sauro, ya riƙa ɗan girgiza shi da safe. Idan 'ya'ya suka ɗauru a cire ƙyallen, a ɗaura zare a reshen don shaida. Daga waɗannan kaɗai za a ɗebi irin baɗi, a busar, a zuba a ambulan, a rubuta suna da kwanan wata, a ajiye cikin kwalba mai murfi nesa da zafin murhu.