Kujerar Kansila da Tsadar Rayuwa a Ƙasar Karaye

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta. Cikin kujerun da ake zaɓa a Najeriya babu wadda ta kai wannan ƙanƙanta, babu kuma wadda ta kai ta shan raini. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin abinci ya yi tashin da ya haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, duk mai neman kansila a mazaɓar Turawa ko Yammedi ta Karaye, ko a Zarewa da Fulatan ta Rogo, sai ya yi maganar sauƙaƙa wa jama'a rayuwa. Masu saurare da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin romon baka. Ba su yi laifi ba, domin kansila ba shi da iko a kan kuɗin litar mai ko darajar naira. Sai dai wani yanki na tsadar a cikin mazaɓa ake haifar da shi, kuma doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma kula da wannan yankin.

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, maƙabartu, da sa hannu a ilimin firamare, lafiya da noma. A duba manomin da ke noman rani a gefen madatsar ruwan Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye. Kafin kwandon tumatirinsa ko buhun albasarsa ya isa bakin titi, sai ya bi hanyar da ruwan damina ya zaizaye, direba kuwa ya ƙara kuɗi saboda abin da hanyar ke yi wa motarsa. A tasha a karɓi kuɗi, a ƙofar kasuwa a sake karɓa, sau da yawa babu rasit. In babu rumfa, rana ta lalata kaya kafin la'asar, a sayar da asara. Duk wannan a kan mudu da kwando yake sauka, manomi ya samu kaɗan, mai saye ya biya da yawa. Haka abin yake a cikin gida. Famfon unguwa in ya lalace ya shekara babu gyara, magidanci zai riƙa biyan mai garuwa kullum. Asibitin sha-ka-tafi in babu magani da ma'aikaci, zazzaɓin yaro ya zama kuɗin mota zuwa cikin gari da ranar aiki guda da ta salwanta. Waɗannan kuɗaɗe ba sa fitowa a alƙaluman tattalin arziki, amma su ne ke ƙarar da abin hannun talaka.

Kansila ba ɗan kwangila ba ne, ba kuma mai rabon kuɗin suna da biki ba ne, ko da yake haka aka mayar da shi. Ɗan majalisa ne. Shi da takwarorinsa ke yin dokokin ƙaramar hukuma, su amince da kasafin kuɗi, su bi sawun abin da ciyaman da kansiloli masu gafaka suka kashe. Majalisar da ta san aikinta tana iya ƙayyade kuɗin rumfa da na tasha, ta sa a liƙa su inda kowa zai gani, ta hana karɓa babu rasit, ta ware kuɗin gyaran famfuna kafin na sabon gini. Mutanen Kano sun taɓa ganin yadda sauke wa talaka nauyi ke canza rayuwa: jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta shafe shekaru tana yaƙar zaluncin karɓar haraji, gwamnatin Abubakar Rimi kuma ta soke haraji da jangali bayan hawanta mulki a 1979. Ba ta raba wa kowa kuɗi ba, hannu ta cire daga aljihunsa.

Akwai masu cewa duk wannan a takarda ne, tunda kuɗi yana hannun gwamna. Maganarsu tana da nauyi. Ƙananan hukumomi 774 na da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, amma sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya sa kason yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, abin da ke isa sakatariya kuma sau da yawa bai wuce albashi ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta mulkin kantomomi. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Amma wannan hujja ce ta neman kansila mai ido, domin kuɗin da ya sauka kai tsaye babu mai bin sawunsa wurin ɓacewa kawai zai canza. Sannan kuɗin shiga na kasuwa da tasha dama a gida ake tara su, a gida ake kashewa.

Ƙorafi na biyu ya fi zafi: zaɓen kansa. A Janairun 2021 jam'iyyar APC ta lashe duk kujerun ciyaman 44 da na kansila 484. A ranar 26 ga Oktoba, 2024, NNPP ta yi haka nan. Kafin wannan zaɓe hukumar zaɓen jiha, KANSIEC, ta sa naira miliyan 5 kuɗin takarar kansila, har maganar ta kai kotu. Wannan kuɗi zalunci ne ga malamin makaranta ko matashin manomi, kuma wanda ubangida ya biya wa kuɗin fam da wuya ya ɗaga murya a kansa. Tsarin mulki bai ba da damar tsayawa babu jam'iyya ba, saboda haka ainihin fafatawar tana faruwa tun wajen fitar da ɗan takara a mazaɓa. A nan ne ƙungiyoyin manoma, 'yan kasuwa, mata masu sana'a da matasa ke da ƙarfin da ba su cika amfani da shi ba. In suka haɗu a kan mutum ɗaya, suka tara masa kuɗin fam da kansu, jam'iyya tana jin nauyin ture shi, domin waɗannan mutanen take buƙata ranar zaɓen gwamna. Shi kuma ya zo da aikinsa a hannu: famfuna nawa ne suka mutu a mazaɓar, wace hanya ce ke yankewa a watan Agusta, nawa ake karɓa ranar kasuwa, nawa ke shiga asusu. Dagatai da masu unguwanni sun san amsoshin, kuma a kansu za a auna shi idan wa'adinsa ya cika.