Kukan Birki da Abin da Yake Nufi

Duk wanda ya tsaya da hantsi a bakin titin Yakowa, inda ya ratsa Kamazou ta ƙaramar hukumar Chikun a Kaduna ya nufi wajen matatar mai, ya kuma kasa kunne ga motocin da ke rage gudu, ba zai daɗe ba zai ji wata siririyar ƙara mai huda kunne wadda direbobi ke kira kukan birki. Da yake galibin masu mota sun saba da ita har sun daina jin ta, ya kyautu a yi bayanin sababinta, domin kukan nan iri-iri ne, kowane da hukuncinsa.

Asalin al'amarin shi ne, a bayan tayar gaba akwai wani faifan ƙarfe da bakanikai ke kira dis, yana juyawa tare da taya, fad biyu kuma na tsaye a gefensa cikin wani ƙarfe da ake kira kalifa. Idan direba ya taka birki, sai man birki ya tura su su matse faifan, gogayya ta ci ƙarfin gudun. To, idan fad ya kama faifai ya saki, ya kama ya saki, fiye da sau 1,000 a sakan ɗaya, sai ƙarafan su ɗauki karkarwa, kamar yadda tsirkiyar goge ke amsawa idan an ja mata izga, wannan karkarwa kuwa ita ce kunne ke ji.

Akwai kukan da ba ya da illa. Motar da ta kwana a waje da damina takan wayi gari da ɗan tsatsa a fuskar faifai, ta yi ƙara a takun farko da na biyu, sa'an nan ta yi shiru. Haka nan ƙurar hunturu, da jar ƙasar lungunan Kamazou waɗanda kwalta ba ta kai gare su ba, kan taru a birki, musamman a tayar baya ta motocin da ke da birkin duram maimakon faifai. Maganinta a kwance taya a wanke, amma kada a hura ta da baki ko da iska, domin wasu fad ɗin akwai asbestos a cikinsu, ƙurarsa kuwa tana cutar da huhu.

Kukan da ya wajaba a tsaya a kansa shi ne wanda maƙeran mota suka shirya da gangan. A jikin fad da yawa akwai wani ɗan harshen ƙarfe da aka auna tsawonsa, ta yadda idan naman fad ɗin, wanda sabonsa kan kai milimita 10 zuwa 12, ya cinye har saura kamar milimita 3 ko ƙasa da haka, sai harshen ya fara taɓa faifai yana ƙara. Alamarsa ita ce yakan yi ta kuka alhali ba a taka birki ba, wani lokaci ma ya yi shiru idan an taka. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, su ɗauka abin ya warke, ko kuwa su gamsu da wanda ya ce musu, "Yallaɓai, ƙura ce kawai," ba tare da ya cire taya ya duba ba. Wanda ya yi sakaci da wannan gargaɗi, ƙarar za ta rikiɗe ta koma gurnani, wato ƙarfe ya fara cin ƙarfe, faifan da ake iya tsira da shi ya lalace, tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya kuma ta ƙaru, a kan titin da yara 'yan makaranta da masu Keke ke tsallakawa. Malaman fiƙihu sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, ni kuwa ina ganin fad biyu na cikin mafi arahar abin da ake kiyaye shi da su.

Saura mas'alar da ta fi damun mutane, wato a sa sabon fad amma kuka bai daina ba. Kaduna, garin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri tun 1975, ba ta rasa ƙwararrun bakanikai, kasuwar Panteka kuma ba ta rasa kaya, sai dai kayan akwai nagari akwai na jabu, fad mai araha kuwa sau da yawa yana da tauri, yana saurin ƙonewa fuskarsa ta yi santsi da ƙyalli. Bayan wannan akwai gaggawar aiki: a yar da siraran ƙarafan da ke bayan fad, alhali su ne ke shanye karkarwa, a bar fil ɗin kalifa a bushe har ya maƙale, fad ɗaya ya yi ta gogar faifai dare da rana, a ɗora sabon fad a kan faifan da ya riga ya yi kwari-kwari. Bakanike mai amana yakan canza fad na dama da na hagu tare, ya auna kaurin faifai da adadin da aka buga a jikinsa, ya goge fil ya shafa masa giris mai jure zafi, ya ɗan shafa a bayan fad. Fuskar fad da ta faifai kuwa, haramun ne mai ko giris ya taɓa su, domin ƙara za ta ɗauke, birkin ma ya ɗauke tare da ita.

Idan an gama, sai a nemi hanya marar cunkoso, a kai gudu kamar kilomita 50 a awa ɗaya, a taka birki a hankali har gudun ya ragu ba tare da an tsaya cak ba, a maimaita kamar sau 10, domin fad ya zauna daidai a kan faifai. In kuwa bayan duk wannan aka ji birki na nutsewa ƙarƙashin ƙafa, ko mota na ja gefe ɗaya, ko sitiyari na rawa idan an taka, to, kada motar ta hau titi sai an duba man birki da bututunsa da kalifa.