Tsofaffin Akokan da labarin sarakunansu

A ƙasar Ingila, gidajen da ke kula da tsofaffi sukan tara su wuri ɗaya, a nuna musu hotunan naɗin Sarauniya Elizabet na 1953, kowa ya faɗi inda ranar ta same shi. Dalili kuwa, tsoho yakan manta abin da ya ci jiya, amma abin da ya gani da ƙuruciya yana nan daram.

A Akokan tsoho yana hannun iyalinsa. Garin ba shi da tsohuwar fada, don ma'aikatan kamfanin COMINAK aka gina shi, wanda ya fara haƙar yuraniyom a 1978, aka rufe ramin ran 31 ga Maris 2021. Sai dai kowane ma'aikaci da labarin sarkinsu ya zo. Idan hira ta yi daɗi, mutumin Damagaram ya kawo Tanimun da ganuwar Zinder da igwoyinsa. Ba'abzine ya amsa da Tegama, wanda ya goyi bayan Kawusan a 1916, ko Ibrahim Umaru, da ya riƙe sarautar Abzin daga 1960 har 2012. Shi kam sun gan shi da idonsu.

Tun da aka rufe ramin, abokan hira suna raguwa, wasu sun koma gida, wasu sun kwanta dama. Wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci na iya tara dattawan unguwarsu da la'asar, ya ambaci sunan sarki guda, ya yi shiru, ya rubuta abin da ya ji.